Zanen da ke Bangon Gabas

Shafi na 14

Masu cika mini waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", na ga saƙonku, wutar unguwarmu ce ta ƙi zama. Wanda yau ya fara shigowa kuma, ga inda muke: ɗaliban ajin ƙarshe na sashen zane-zane a kwalejinsu Juwairiyya da ke Gusau sun buɗe baje kolinsu jiya. Juwairiyya aka ɗora wa zaɓen abin da za a nuna, ita ce kuma ta matsa wa ƙawarta Muzdalifa har ta fito da wani zane da ta daɗe tana ɓoyewa a naɗe ƙarƙashin gado. Yau an sake buɗe ƙofa.

*

Juwairiyya na tsaye bakin ƙofar galari, ɗakin baje kolin, tana gyara katin da ke wuyanta, sai ga wata tsohuwa ta nufo ta da ƙullin kaya a kai, takalmin robarta ya sha hanya.

"Ɗiyata, nan anka ce Muzdalifa take?"

"Nan ne, Inna. Sannu da zuwa." Ta ƙare mata kallo, sai ta yi dariya. "Ke ce Inna Hajjo ko? Kakarta?"

"Ashe tana hwaɗina."

"Kullum. Yaushe kika zo daga Tsafe?"

"Jiya da marece. Barka niz zo Tudun Wada, ɗiyar ƙanwata ta haihu. Nic ce ba ni komawa ban ga ja'irar jikata ba. Can ɗakin kwanansu anka turo ni nan."

"Ta je wanke hannu, yanzu za ta dawo. Kawo kayan in riƙe miki."

"A'a, bar shi, daddawa ce, sai ta ɓata miki wagga riga mai kyau."

Juwairiyya ta tura wa Muzdalifa saƙo cewa ta yi baƙuwa, sannan ta kama hannun tsohuwar. "Kafin ta zo, taho ki ga aikin da muke yi, kada ku ce zaman banza muke a Gusau."

Ɗakin dogo ne, an shafe shi da farin fenti. 'Yan matan wata sakandare ne a ciki da malamarsu, suna bin bango suna ƙus-ƙus. A tsakiya akwai wani ƙaton sa na ƙarfe, ya sunkuyar da kai kamar zai yi karo.

Inna Hajjo ta tsaya. "Wanga kuma hwa?"

"Sa ne. Wani ɗan ajinmu Abdulƙadir, mutumin Rawayya, shi ya haɗa shi da tsofaffin garemani da kalme."

Ta leƙa haƙarƙarin san, ta ƙwanƙwasa da yatsa. "Wagga garma da sauran aikinta. Ki ce mai in ya gama nuna ta ya aiko min."

Juwairiyya ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta nuna mata tukwanen da aka yi wa zane irin na tsofaffin kasake na tsohon garin 'Yandoto, ta nuna mata kasuwar Tsafe da wata ɗaliba ta haɗa da guntayen atamfa, babu fenti ko ɗigo. Nan Inna Hajjo ta daɗe, har sai da ta gano rumfar masu albasa, ta ce an rage mata faɗi.

"Saura na jikarki," in ji Juwairiyya. "Shi na ajiye ƙarshe. Jiya mutane har layi suka yi a kansa."

Suka juya bangon gabas.

Zanen shi kaɗai ne a bangon. Duk wanda ya tsaya gabansa sai ya ji kamar shi ma yana cikin kogon, cikin duhu, a bayan wasu mata da suka duƙa suka cure wuri ɗaya. Ba a ganin fuskar kowa, sai bayan kawunansu da kafaɗunsu. Wata ta toshe bakin wata 'yar ƙaramar yarinya da tafin hannu. Can gaba bakin kogon ne, siriri, haske na shigowa, ta cikinsa ana hango yashin busasshen rafi, da wata kuka da tsawa ta raba biyu, rabi ya bushe rabi da ganye, bayanta kuma wani dutse mai lotsawa a tsakiya kamar sirdi.

Juwairiyya na jiran tsohuwar ta yi magana.



Sai ƙullin da ke kan tsohuwar ya zame ya faɗi, curin daddawa suka gangara ƙarƙashin benci. Ko kallonsu ba ta yi ba.

"Inna?"

"Wa yaz zana wanga?"

"Muzdalifa mana."

"Tun yaushe yake nan?"

"Tun jiya da safe."

"Mutum nawa sunka gan shi?"

Yadda ta yi tambayar ne ya sa murmushin Juwairiyya ya tsaya. "Da yawa, Inna. Ɗalibai, malamai, mutanen gari. Lafiya?"

Tsohuwar ta ware mayafinta, ta miƙa hannuwa biyu tana ƙoƙarin rufe zanen da shi. Mayafin bai kai ko rabi ba. 'Yan matan sakandare suka juyo suna kallo.

Daidai nan Muzdalifa ta shigo da saurinta tana yarfe ruwa a hannu. Da ta ga wadda ke tsaye gaban bangon, sai ta ja ta tsaya cak.

"Inna Hajjo…"

"Zo nan."

Ta matso a hankali.

"Mi kinka yi, Muzdalifa?"

"Inna, ban sa sunan gari ba. Ki duba takardar da ke gefe, babu. Ban sa fuskar kowa ba."

"Kin ɓoye huskokinmu kin bar kuka." Muryarta ƙasa-ƙasa take. "Kin bar dutse. Duk wanda yat taɓa kiwo a dajinmu ya san wagga kuka. In ya tsaya gindinta ya juya baya, mi zai gani?"

Muzdalifa ta sunkuyar da kai.

"Ba da ke munka dahwa Alƙur'ani ba? Ba mun ce ko mazanmu ba duka za su sani ba?"

"Ban faɗa wa kowa ba."

"Kin hwaɗa da hannu."

Hawaye suka zubo wa Muzdalifa. "Barci nake kasa yi. Da na rufe ido sai in gan mu a ciki, in ji numfashin Iya a wuyana. Da na zana shi ne na fara samun sauƙi. Wallahi don kaina na yi, ba don a gani ba."

Juwairiyya ta juya ta sake kallon zanen. Ta san Muzdalifa 'yar Tungar Ɗantsoho ce, wani ƙauye can bayan Bilbis. Ta san 'yan bindiga sun sha shiga garin. Ta san kogon gaskiya ne, don Muzdalifa ta faɗa mata ranar da ta warware zanen a ɗaki. Abin da ba ta taɓa tambaya ba shi ne ko har yanzu ana shigarsa.

"Inna," ta ce, "wai har yanzu nan kuke ɓuya?"

"Ina munka samu wani? Ko watan jiya can munka wuni."

"Ni ce." Juwairiyya ta dafe ƙirji. "Ita ta ƙi, ni na matsa mata. Na ce in babu shi babu baje kolin. Kada ki ga laifinta."

"Laihi na gaba, ɗiyata. Yanzu ki hwaɗa min gaskiya. Cikin masu zuwa akwai wanda yat tambaye ki a kansa?"

"Kowa yana tambaya. Wane fenti ne, wa ya yi, ko za a sayar…"

Sai ta tuna wani abu, ta katse maganar.



"Juwairiyya," in ji Muzdalifa, "mene ne?"

"Akwai wani mutum. Jiya, lokacin da kika raka su Malam cin abinci."

"Wane iri?"

"Ba ɗalibi ba ne. Dattijo-dattijo haka, da hula ruwan ƙasa. Da ya shigo bai kalli komai ba, ko san nan bai kalla ba, kai-tsaye ya zo nan. Ya daɗe a tsaye."

"Mi yac ce?" in ji Inna Hajjo.

"Ya ce, 'Malama, wannan wurin daga kai aka ƙirƙiro shi, ko yana nan da gaske?'"

"Ke kuma kinka ce?"

Juwairiyya ta kasa haɗa ido da su. Tana tuna yadda ta ji daɗin tambayar, yadda ta gyara tsayuwa ta yi masa bayani da alfahari.

"Na ce yana nan. Na ce mai zanen ma da kanta ta ɓuya a ciki, ita da matan garinsu."

Muzdalifa ta toshe baki da hannu biyu.

"Sai ya ɗauki hoto. Ya matsa kusa ya sake ɗaukar wurin bishiyar. Da zai fita ya ce in gaya wa mai zanen hannunta ya yi kyau, irin na marigayi babanta. Na ɗauka wani ɗan garinku ne mai zumunci. Hidima ta yi mini yawa, na manta ban faɗa miki ba."

"Ya san Baba," in ji Muzdalifa. "Inna, ya san Baba yana sassaƙa ƙwarya."

Inna Hajjo ta ce, "Ina kamanninsa? Dogo ne?"

"Bari." Juwairiyya ta ciro waya. "An yi ta ɗaukar hotuna jiya saboda shafin sashenmu na intanet. Wataƙila ya fito."

Ta yi ta turawa. Ga shugaban sashe yana yanke ƙyalle. Ga Abdulƙadir rungume da sansa. Ga 'yan aji sun jeru suna dariya. A hoton da ke biye, can bayan kafaɗar wata ɗaliba, ga mutumin, ya ɗaga waya saitin bangon gabas, rabin fuskarsa a waje. Ta ja hoton ya girma. Wani tsohon tabo ya raba girarsa ta hagu.

Muzdalifa ce ta fara gani. Sai ta sulale ta zauna a ƙasa, bayanta jingine da bango.

Inna Hajjo ta karɓi wayar, ta nesanta ta da idonta, ta daɗe tana kallo.

"Ya rame," ta ce.

"Kin san shi, Inna?"

"Ni na haihe shi."



"Baffa Mu'azu ne," in ji Muzdalifa daga ƙasa. "Ƙanen babana."

Juwairiyya ta ce, "To ai… ai in ɗan'uwanku ne, da sauƙi ko? Ai shi ma ya san wurin."

"Bai sani ba. Bayan an kore shi aka samo kogon."

"An kore shi?"

 A bakin ƙofa aka yi sallama, Malam Abubakar Sadiƙ, malamin da ke kula da baje kolin, ya shigo riƙe da makullai. Ya ga ɗaliba zaune a ƙasa, ya ga tsohuwa da mayafi a hannu, ya ga daddawa warwatse.

"Juwairiyya, me ke faruwa? Inna, sannu, ko jiki ne?"

Juwairiyya ta matsa kusa da shi ta yi masa bayani cikin raɗa, maganar na sarƙe mata. Kafin ta kai ƙarshe fuskarsa ta sauya. Shi ma mutumin ƙauye ne a ƙasar Bungudu, bai nemi a maimaita masa ba. Ya juya wurin malamar 'yan sakandare.

"Malama, ki yi haƙuri, za mu ɗan rufe ɗakin, akwai gyaran da ya taso. Ku zagaya ɗakin saƙa, za a buɗe muku."

Da suka fita ya tura ƙofa ya murza makulli. Ya jawo benci ya zaunar da Inna Hajjo, shi kuma ya durƙusa gabanta.

"Inna, ki gafarce ni. Ni na sa hannu aka rataye shi, ban yi tambayar da ta kamata ba. Wanene wannan Mu'azu? Ina buƙatar in sani kafin in kira mutane."

Tsohuwar ta goge fuska da gefen zane.

"Dauri, kahin a samo kogo, a tsohuwar makarantar allo muke ɓuya, bayan gari, cikin kangon. Ba wanda yas sani sai 'yan gari. Ran nan sunka zo, ko cikin gari ba su shiga ba, kai-tsaye kangon sunka nuhwa. Sunka kwashi mata. Har da A'isha, yayar wagga." Ta nuna Muzdalifa. "Wasu sun dawo. A'isha ba ta dawo ba."

Muzdalifa ta kifa kai a gwiwa.

"Bayan nan anka ce an ga Mu'azu a kasuwar Tsahe yana sayen burodi buhu guda, da mai jarka-jarka, shi da ko babur bai da. Anka tsare shi, yac ce aike ne. Anka ce aiken wa, ya ƙi hwaɗi. Maza sunka ce ya bar gari ko su kashe shi. Ya zo ƙohwata yana kuka, yana cewa Inna ba ni ba ne. Ban buɗe ba."

"To shi ne, Inna?"

"Malam, har yau ban sani ba. Wata rana in ce shi ne, wata rana in ce mun zalunce shi."



Malam ya miƙe. "Juwairiyya, an sa zanen a shafi?"

"An sa." Ta karɓi wayarta daga hannun tsohuwar. "Ni na sa. Har a katin gayyata na yanko wani ɓangare, da sunanta a ƙasa."

"To ta nan ya gani. Goge su duka yanzu. Muzdalifa, tashi, ba lokacin kuka ba ne. Kira gida."

Juwairiyya ta buɗe shafin. Hoton zanen ne a sama, ƙarƙashinsa mutane sun yi ta yabo, wasu sun tura shi gaba, waɗanda ba ta sani ba, sunayen da ba ta taɓa ji ba. Ta goge nata. Ta san na sauran yana nan inda ya tafi.

Muzdalifa ta kara waya a kunne. Suna jin muryar matar kamfani tana cewa lambar ba ta shiga.

"Sake," in ji Malam.

Ta sake. Haka.

"Garinmu sai an hau tudun bayan masallaci ake samun sabis," ta ce. "Iya kan hau da yamma in tana son jin muryata."

"Wa kuma kike da lambarsa?"

Ta kira liman. Ta kira mai shagon bakin kasuwa. Ta kira wata ƙawarta da aka aurar a garin. Duk abu ɗaya.

Malam ya sa hannu ya ɗaga zanen daga ƙusa, Juwairiyya ta kama ɗaya gefen. Da suka sauke shi ya juya fuskarsa bango. Ya ciro tasa wayar.

"Akwai abokina Abdu a Bilbis, yana da babur. In ya tashi yanzu zai kai musu saƙo da baki."

Ya sa ta a sifika. Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka, bayan muryar kuma hayaniya ce, kamar ana jan ƙofofin shaguna.

"Abdu, kana ina?"

"Ina gida, Malam. Yanzun nan na shigo."

"Ina son ka taimake ni ka je Tungar Ɗantsoho. Saƙo ne na gaggawa."





"Malam, yau ba mai bin wagga hanya. Tun da hantsi anka ga babura sun ratsa ta gabas, goyon uku-uku. Kasuwa ma ta watse. Mu kanmu ƙohwa muke rufewa."

"Ina suka nufa?"

"Ba wanda yas sani. Amma yadda sunka bi, ko Tunga ko ƙauyukan bayanta."

Inna Hajjo ta fara salati a hankali, tana maimaitawa.

Malam ya kashe, ya kira wani jami'in tsaro da ya sani a Tsafe, ya koma can ƙarshen ɗakin yana magana da sauri. Juwairiyya na jin guntayen maganar: mata da yara, bayan rafi, a taimaka. Da ya dawo ya ce, "Sun riga sun samu labarin baburan, sun ce za su tura mutane. Amma hanyar da nisa, ga rafi."

"In an ji babura," Muzdalifa ta ce, idonta a kan kakarta, "Iya ba ta jira. Ita ke fara tara yara."

"Na sani."

"Suna ciki ke nan."

"Na sani, Muzdalifa."

Juwairiyya ta durƙusa gaban tsohuwar ta kama gwiwarta. "Inna, in wayar ta shiga me za a ce musu? Su fito?"

"Su hito su je ina? Daga bakin kogo har rahi hili ne, ko akuya ta gitta sai an gan ta."

"To su zauna?"

"In ya kai musu hoton, ƙohwa ɗaya ce."

"Wataƙila bai kai ba," in ji Malam. "Wataƙila zuwansa jiya da baburan yau ba su da haɗi. Ba mu sani ba."



A waje wani ya ƙwanƙwasa ƙofa, muryar ɗalibai na tambaya ko an buɗe. Dukansu suka zabura. Malam ya ce a dawo an jima. Takun ya yi nisa.

Juwairiyya ta zauna kusa da Muzdalifa, tana son ta ce ta yafe mata. Ta miƙa hannu. Muzdalifa ba ta ture ba, ba ta kuma riƙe ba, tana dai ta danna kira tana katsewa, tana dannawa tana katsewa.

Inna Hajjo ta ɗaga kai. "In ta shiga, ki ce da Iyarki Saude su hita ɗaya-ɗaya, kada su yi gayya. Su bi cikin rahi su yi yamma, gindin gaɓa, kansu ƙasa, har su kai gonakin dawa. Dawa ta yi tsawo yanzu, za ta ɓoye su. Masu goyo su hwara."

Muzdalifa ta ce, "In suka fito aka gan su fa? Ni na ce su fito."

"Ni nac ce. Ki ce Hajjo ta ce."

Wayar ta yi ƙara a hannun Muzdalifa.

Saura kaɗan ta yar da ita. A gilashin an rubuta IYA.

"Sa a sifika," in ji Malam, shi ma muryarsa ta koma raɗa.

Ta danna. Da farko ba a jin komai sai shuuu, sai kuma numfashi, numfashin mutane da yawa a wuri matsattse.

"Iya?"

"Muzdalifa." Raɗa ce, da ƙyar ake ji. "Na ga kiranki. Na rarraho bakin kogo ne, nan sabis ke ɗan kamawa. Kada ki sake kira, ƙarar za ta tone mu. Muna ciki tun hantsi. Lahiyarmu lau."

"Iya, ki saurare ni. Wurin ba lafiya. Akwai wanda ya sani."

"Mi kinka ce?"

Inna Hajjo ta fizge wayar. "Saude, ni ce Hajjo. Ku hita. Ɗaya-ɗaya, ku bi rahi ku yi yamma, ku shiga dawa. Masu goyo su hwara. Yanzu, Saude."

"Inna? Mi ya hwaru? Wa yas sani?"

"Ba lokacin bayani. Kina ganin waje?"

"Ina gani."

"Akwai kowa?"

"Ba kowa. Can cikin gari dai muna jin harbi jehi-jehi, amma nan…"

Maganar ta yanke.

"Saude?"

 Wata jaririya ta fara kuka can ciki, nan take kukan ya toshe.

"Iya, ki yi magana," in ji Muzdalifa. "Don Allah ki yi magana."

Da muryar ta dawo, ta ƙara yin ƙasa, kalma ɗaya-ɗaya take fita.

"Akwai mutum gindin kuka."

Juwairiyya ta ji hannun Muzdalifa ya damƙi nata har ƙashi.

"Shi kaɗai?" in ji Malam. "Ki tambaye ta, shi kaɗai ne?"

"Saude, shi ɗaya ne?"

"Ɗaya nike gani. Kuka ta tare min sauran wurin. Yana duba waya… ya ɗaga kai… ya juyo nan."

"Da bindiga?"

"Ban iya gani. Hannunsa ɗaya na cikin riga. Inna, yana tahowa."

"Ki koma ciki. Ki ja baya, Saude."

Aka ji motsin jiki a kan dutse, aka ji wata mata na karanta addu'a haƙoranta na haɗuwa. Sai takun ƙafa a kan yashi, a hankali, yana matsowa. Ya tsaya.

Wata murya ta shigo cikin wayar, ta namiji, a dishe, kusa ƙwarai. Ba a ɗaga ta ba.

"Saude. Na san kuna ciki. Ni ne Mu'azu."

Inna Hajjo ta rufe ido.

"Ku hito yanzu ku biyo ni," in ji muryar. "Ba ni da lokaci."

Numfashin Iya ya cika wayar. Sannan raɗarta, daf da makarin magana:

"Inna, ɗanki ne. Ke kinka san shi. Mu bi shi, ko kada mu bi?"